An sallame ni ba gargaɗi, ya zan yi?

Ɗan Kwantiragi: Salam 'yan uwa, ina aikin kwantiragi a wani babban kamfanin fasaha kawai na wayi gari an rufe min imel, wai aikina bai gamsar ba alhali ko gargaɗi ba a taɓa min ba. Wallahi abin ya min ciwo.

Ummu Hanifa: Allah ya musanya da mafi alheri. Waye ke biyanka, kamfanin ko ejan, wato masu ɗaukar ma'aikata su tura su kamfanoni? In ejan ne su za ka riƙe, duba me takardar kwantiraginka ta ce kan notis.

Baban Yara: Kar ka sa hannu a komai tukuna ɗan uwa, wata takardar yafe haƙƙinka ce. Nemi dalili a rubuce ka kai wa lauya.

Ɗan Kwantiragi: Ejan ne, notis ɗin wata ɗaya aka rubuta kuma ba su ba ni ba.