Gidan rina a saman tagar ɗakin yara: in cire da kaina ko in jira?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Rina ta yi gida a ƙarƙashin rufinmu, daidai saman tagar ɗakin yara. Irin mai kama da takarda ne, yana rataye da ɗan siririn tsinke, ana hango ramukansa daga ƙasa. Sati uku da suka wuce bai fi ƙwan kaza ba, yau ya kai tafin hannuna. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙaramin ɗana. Bara rina ɗaya ta harbe shi a ƙafa, amma leɓensa da idanunsa ne suka kumbura, sai da muka kwana a asibiti. Maigidan ya yi tafiya, sai nan da sati biyu. Gidan haya ne, kuma katako ne ke riƙe da rufin, don haka maganar wuta ba ta taso ba. In fesa da kaina, in kira masu feshi, ko in kulle tagar in jira shi?

Direban dare:
Hajiya, ɗaura tsumma a kan doguwar sanda, ki jiƙa da kalanzir, ki kunna, ki kara a gindin gidan. Kafin ki ƙirga goma an gama.

Mai ɗinki:
Ki bar su kawai. A shagona akwai gidajensu huɗu a kusurwa, shekara guda ba wanda suka taɓa.

Malamin kimiyya:
Mai ɗinki, in na laka ne a manne da bango, zanzaro ke nan. Shi kaɗai yake rayuwa, ya gina ɗaki da laka, ya sumar da gizo-gizo ko tsutsa ya cusa ciki don ɗansa ya ci in ya ƙyanƙyashe, kuma da wuya ya harbi mutum. Rina tana kankaro itace ta tauna da yawunta ta yi gida, suna zaune da yawa, suna gadin 'ya'yansu. Kudan zuma in ya yi harbi ƙarinsa yana maƙalewa ya mutu. Rina kuwa tana zare nata ta sake, sau nawa ta ga dama.

Ɗan barkwanci:
Ni zanzaron da na sani shi ne na riga a cikin wando. Amma Hajiya, da ma an ce da rina a kaba, taki ce ta gaji da kabar ta dawo taga.

Yayan marayu:
Ana dariya, ni abin nan ya taɓa ni. Tamu a cikin silin ta shiga, ta wata 'yar ɓula a gefen bango. Na kira wani mai feshi, ya karɓi kuɗinsa cif, ya fesa a bakin ramin da rana tsaka, ya kwaɓa siminti ya toshe, ya ce an gama. Bayan kwana biyu, da asuba, suka ɓulo ta cikin ɗaki ta wajen ƙwan fitila. A ɗakin nan mahaifiyata ke kwana, tsohuwa ce, ba ta iya tashi da sauri. Na ji ihunta na shiga, na fara bugun su da tawul, ashe hakan ya ƙara tunzura su. Harbin da muka ƙirga a jikinta ya haura 20. Likitoci suka riƙe ta kwanaki suna duba ƙodarta, domin dafi in ya yi yawa yana iya taɓa ƙoda. Mutumin nan har yau in na kira ba ya ɗauka. Ta warke, alhamdu lillahi, amma ko ƙuda ya wuce ta gefen kunnenta sai ta zabura.

Uwar gida:
Subhanallahi. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ka bi shi har inda yake zama kuwa?

Yayan marayu:
Na je sau biyu. Cewa ya yi wai wasu ne daban suka zo. Wasu daban daga ina, ɗakin a rufe?

Malamin kimiyya:
Su ne. Wanda aka toshe wa ƙofa sai ya nemi wata, kuma bakin da ke kankare itace ba zai gagara huda silin ba. Bugun da ka yi kuma, rina in an murƙushe ta ko ta yi harbi tana fitar da wani wari da ke kiran 'yan uwanta.

Mai feshi:
Allah ya ba da haƙuri, Yaya, amma kada a yi mana kuɗin goro. Wanda ya san aiki ba ya zuwa da rana, lokacin rabinsu suna waje neman abinci. Da daddare ko kafin gari ya waye ake yi, duk suna gida kuma jikinsu a mace. Ba a riƙe tocila a hannu, haske suke bi, sai a ajiye ta can gefe. Ba a toshe rami sai an ga kwana biyu ko uku babu mai shiga babu mai fita. Na Hajiya ma mai sauƙi ne tunda a fili yake. Kuɗinsa bai fi na gwangwani biyu na maganin ƙwari ba.

Uwar gida:
Gwangwani biyu? Ni da na kira, abin da aka yanka min ya kusa rabin hayar wata, wai don sai an hau tsani.

Direban dare:
Ni kyauta nake yin nawa.

Tsohon kafinta:
Kyautar da ke cin rufi. Shekara 30 ina hawa gini, na gyara rufin da irin wannan wuta ta ci. Gidan rina takarda ne, yana kamawa ya faɗo yana ci, su kuma waɗanda suka tsira su bi mai sandan. Kuma wanda na gani ya fi jin jiki ba harbin ne ya karya shi ba, tsanin ne, harbi ɗaya ya saki hannu. 'Yata, ruwan sabulu mai kauri a fanfon feshi yana kashe su, yana toshe musu ƙofofin numfashi da ke jikinsu. Bayan sun mutu ki kankare har tsinken da ke riƙe da gidan.

Mai feshi:
Baba, ruwan sabulu sai wadda ya jiƙa. Wadda ya kuskure fa?

Mai ɗinki:
Kai dai talla kake yi, shi ya sa ba ka son a yi da kai.

Mai feshi:
Ke da kika ɗauki zanzaro rina ce za ki raba mana gardama?

Ma'aikaciyar jinya:
Don Allah ku koma ku karanta abin da ta rubuta. Yaron an harbe shi a ƙafa, fuska ta kumbura. Wannan alama ce jikinsa ba ya jituwa da dafin, kuma na gaba yana iya fin na farko muni. 'Yar uwa, duk ranar da za a taɓa gidan nan kada yaron ya kwana a gidan. In aka harbe shi kika ga kumburin leɓe ko harshe, numfashi yana sarƙewa, ko jiri, a mintuna abin yake tafiya, asibiti kai tsaye, allurar adiranalin ake yi, wato allurar gaggawa ta irin wannan kumburi da sarƙewar numfashi. Ƙanƙara da maganin ƙaiƙayi na mai kumburi a wurin harbin kaɗai ne. Ki koma wurin likitan da ya duba shi ki tambaya ko ya kamata ki ajiye allurar a gida.

Maman 'yan biyu:
Na gode Anti, tun jiya na mayar da su ɗakina. Na kuma kira mai gidan, ya ce ba shi ya gayyato rinar ba, in cire da kuɗina.

Yayan marayu:
Haka namu ya ce. Ɓular da suka shiga ta nan, wata shida ina roƙonsa ya gyara tun kafin rina ta gan ta. Amma ranar biyan haya tun da safe yake ƙwanƙwasa ƙofa.

Uwar gida:
Namu kwandon sharar gidan gaba ɗaya ya ajiye a bakin tagata, babu murfi. Kwalaben lemo da ɓawon 'ya'yan itace, rina da ƙudaje suna yini a kai. Na yi magana ya ce in ban ji daɗi ba ƙofa a buɗe take.

Tsohon kafinta:
Rufi da bango na mai gida ne, a ganina shi ya kamata ya biya. Ki gyara ki cire a haya.

Mai ɗinki:
Ta cire a haya ya ba ta takardar tashi? Baba, ka taɓa zaman haya kuwa?

Maman 'yan biyu:
Maganar haya ku bari tukuna. Yanzu na leƙa ta gilashi, na ga wasu suna shiga ta tsagar katakon da ke bayan gidan nasu. Mai feshi, wannan yana nufin akwai wani a ciki ke nan?