Tura mutum wani shafi a Django (manhajar gina shafukan intanet): ina ya taɓa kayar da ku?

Bakano:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya kwana na yi kan fom ɗin rajistar ɗalibai da nake haɗa wa wata makaranta. Ɗalibi ya cike ya aika, intanet ta yi nauyi, sai ya sake loda shafin, sunansa ya shiga sau biyu. Wani har sau huɗu. Ashe bayan POST, wato aiko fom ɗin, ban tura shi ko'ina ba, render na yi, wato na nuna masa shafi nan inda yake. Ina sa redirect zuwa shafin "an karɓa", magana ta mutu. Ku fa?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam. Ni 301, wato turawar dindindin, ce ta koya min hankali. In ka kira redirect haka kawai, Django 302 yake bayarwa, wato turawar wucin gadi. Ni kuwa don iyawa na ƙara permanent=True, ta koma 301. Daga baya na canza adireshin, na gyara komai, amma Chrome ya ƙi ji, sai tsohon wuri yake kai ni. Tun azahar har la'asar ina zargin sabar, baiwar Allah ba ta san hawa ba balle sauka. Burauza ce ta haddace 301 ɗin, ko tambayar sabar ba ta yi. Abin da burauzata ta haddace na goge, to wayoyin jama'a fa? Yanzu ba na taɓa 301 sai na tabbata shafi ya ƙaura ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Ni return na manta a gaban redirect. Django ya ce None, wato ba komai, na mayar masa. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa sai yau.

Bakatsine:
Nawa ya fi ciwo. Na kunna SECURE_SSL_REDIRECT, mai tura kowa zuwa https, manhajar kuma tana bayan Nginx, sabar da ke fara karɓar masu ziyara. Nginx ya karɓi https, ya miƙa wa Django a http, Django ya ce koma https, haka suka yi ta zagaye har Chrome ya gaji ya ce turawa ta yi yawa. Sai da na sa Nginx ya riƙa aika X-Forwarded-Proto, alamar da ke nuna da https aka zo, na saita SECURE_PROXY_SSL_HEADER don Django ya gane ta, sannan aka samu lafiya.

Malam Bakano, tunda da shafin shiga a aikinka, in da hannu ka rubuta shi, kada ka tura mutum duk inda next, wato adireshin da ake kai shi bayan ya shiga, ya nuna. Ɗan damfara zai liƙa adireshinsa a ciki, ɗalibi ya shiga shafinka ya faɗa nasa. Tace shi da url_has_allowed_host_and_scheme.

Bakano:
Innalillahi. Malam, yadda ya zo haka nake karɓarsa. Bari in je in duba.