Neman kalmar Hausa: me za mu kira na'urar duniyoyin nan ta kan tebur?

Assalamu alaikum jama'a, malaman kimiyya da masu fassara dan Allah ku matso kusa, akwai kalmar da nake so mu yanke mata hukunci. Na'urar nan da ake ajiyewa kan tebur a aji, ƙwan fitila ko wata ƙwallo mai ruwan ɗorawa a tsakiya a matsayin rana, ga sanduna sun miƙe daga gindinta kowace da 'yar ƙwallo a bakinta, kana murza hannu sai duk su kama zagaye, wata da gudu wata kuma da ƙyar zaka ga ta motsa. Turawa suna ce mata orrery, wasu su ce planetarium na tebur. Mu kuwa har yanzu "abin nan na duniyoyi" muke cewa muna nuni da hannu, kuma gaskiya abin yana damuna, don yaro baya riƙe abin da bashi da suna.

Da farko dai masu cewa a ara kawai a ce orari, na ji ku, kuma ni bana ƙin aro, ai tebur da injin da kwamfuta duk aro ne kuma sun zauna daram. Amma wannan kalmar ko a Turancin ma bata faɗin komai game da na'urar. Sunan sarauta ne. Wajen 1704 wani maƙerin agogo a Landan mai suna George Graham ya ƙera irinta, sai John Rowley ya kwaikwaya ya yi wa wani basarake Charles Boyle, wanda ke riƙe da sarautar Orrery, wani yanki ne a ƙasar Ailan, shikenan sunan ya bi na'urar har yau. Toh in mun ce orari me yaro ya ƙaru da shi? Sai mun sake masa bayani daga farko, ga kalmar bata da daɗi a baki.

Wani malami a nan ya kawo "taswirar falaki". Malam ina girmama ra'ayinka amma ban yarda da wannan ba, dalili biyu. Taswira bata motsi, ita kuwa wannan na'urar motsin shine duk amfaninta. Na biyun yafi muhimmanci, in ka ce taswira ka yi wa ɗalibi alkawarin cewa nisa da girma daidai suke bisa ma'auni, alhali babu wata na'urar tebur a duniya da zata iya cika wannan alkawarin. Faɗin rana ya ninka na duniyarmu sau 109. In ka mai da rana girman ƙwallon ƙafa, duniyarmu zata zama ɗan ɗigo na milimita 2 kacal kuma sai ka kai ta nisan kusan mita 24, ita kuwa Neptune, wadda ta fi sauran duniyoyin nisa da rana, sai ka yi tafiyar mita 700 da ɗoriya kafin ka ajiye ta, wane tebur ne zai ɗauki wannan? Shi yasa masu ƙerawa suke haƙura da girma da nisa, su matso da komai kusa. Wajibi ne malami ya faɗa wa yara hakan tun ranar farko, bai kamata sunan da muka zaɓa ya ƙara ruɗa su ba.

Abin da na'urar ke faɗa daidai shine lokaci. A ƙarƙashinta akwai fayafai masu haƙora suna cizon juna, an ƙidaya haƙoran ne yadda in duniyarmu ta zaga rana sau ɗaya, Uɗarid (Mercury) mai kwana 88 ta zaga sau huɗu da 'yan kai, Zara (Venus) mai kwana 225 ta yi ɗaya da rabi da ɗoriya, Mirrihi (Mars) mai kwana 687 ta ɗan wuce rabin hanya, Mushtari (Jupiter) kuwa da ke cin kusan shekara 12 ɗan gusawa kawai zata yi. Yaro yana murzawa yana gani da idonsa cewa duk wadda ta fi nisa da rana ita tafi jan ƙafa, ba sai an sa shi hadda ba.

Wannan ne yasa "agogon falaki" da wata 'yar'uwa ta kawo ya ja hankalina sosai, don maƙeran agogo ne suka fara yinta kuma cikinta cikin agogo ne. Malama kin kusa, amma akwai masu sunan. Agogon nan na birnin Prague da aka kafa a 1410 mai nuna inda rana da wata suke, shine agogon falaki na gaskiya. Haka wanda Eise Eisinga ya haɗa a rufin falon gidansa a garin Franeker na ƙasar Holan tsakanin 1774 da 1781, mutumin sana'arsa gyaran ulu ce fa, kuma har yau abin yana aiki, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Shi wannan da kansa yake tafiya daidai da tafiyar sama, Zuhal (Saturn) ɗinsa sai ta yi sama da shekara 29 kafin ta zagayo. Kinga wannan agogo ne, yana faɗa miki inda duniyoyi suke yanzu. Ta aji kuwa ba haka take ba, malami yana so ya cinye shekara guda cikin minti ɗaya, ya tsaya cak a wata na shida ya yi tambaya, ya koma baya ya sake. Agogon da ake yi wa haka ai ya tashi daga agogo.

"Injin taurari" ban daɗe a kansa ba, injin yana sa mutum ya ji ƙara da mai da lantarki, kuma ba taurari ne a kai ba, tauraro ɗaya ne tak wato ranar. "Mutum-mutumin duniyoyi" ma a'a, wannan na abu mai siffar mutum ne.

Ni nawa zaɓin shine KEKEN FALAKI. Ku duba yadda Bahaushe yake amfani da kalmar keke, keken ɗinki, keken rubutu, keken saƙa, duk na'urar da ke da abin juyawa kuma ƙarfin hannu ko ƙafar mutum ne ke tafiyar da ita keke muke ce mata. Wannan kuma ita ce siffar na'urarmu sak. Falaki kuma ba baƙuwa bace, ta daɗe da shigowa daga Larabci, ma'anarta hanyar da rana da wata da taurari ke bi suna kewayawa, muna da ilimin falaki tun tuni. In ka haɗa biyun ka faɗi abin da na'urar take da abin da take nunawa a kalma biyu. Ku gwada a baki: "ɗauko keken falaki mu ga yadda husufi ke faruwa", "makarantar ta sayi kekunan falaki guda uku", "murza keken a hankali". Yana zama.

Na san za a ce yaro zai zaci keken hawa ne. Ban ga alama ba, wa ya taɓa zaton ana hawa keken ɗinki a je unguwa? Kalma ta biyun ce ke raba gardama. Masu cewa falaki tayi nauyi ga 'yan firamare kuma su ce "keken duniyoyi", wannan ban ƙi ba a matsayin bayani, amma a littafi gara falaki, don wata ma yana kai kuma rana tana kai, ba duniyoyi kaɗai ba.

Bari in nuna dalilin da yasa na nace sai sunan ya ɗauki murzawa. A rufe tagogi aji yayi duhu, a kunna ƙwan tsakiya. Ƙwallon duniya a karkace take a kan sandarta da kusan digiri 23 da rabi, a ce wa yaro ya sa ido kan tsinin saman nan yayin da wani ke murzawa. Zai ga duk inda duniya ta je tsinin yana kallon kusurwa ɗaya ta ɗakin, baya juyowa ya bi rana. A wani gefen rabin arewa ne ya sunkuyo wa fitila, haske ya malale har kan tsinin, in an murza rabin zagaye sai rabin kudu ya karɓa, tsinin arewa ya shige duhu. Nan take zancen "muna jin zafi ne don mun matso kusa da rana" yake mutuwa, sai malami ya ƙara musu da cewa a farkon Janairu ne ma duniya tafi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152, amma Janairun ne lokacin sanyi a arewacin duniya. Karkata ce ke yin aikin ba kusanci ba.

Sai batun wata. 'Yar ƙwallon nan kullum rabinta ne a haske rabi a duhu, ko'ina take. A sa yaro ya durƙusa ya kawo idonsa dab da ƙwallon duniya ya kalli watan daga nan, zai ga siririn jinjiri, a murza ya ga rabi, a murza ya ga ya cika, zagayen da a sama yake cin kwana 29 da rabi. Kuma wallahi kusan ko yaushe sai an samu mai kaifin kai da zai ce toh malam me yasa ba a yin husufi duk wata tunda watan yana shiga tsakani? Keke mai kyau yana da amsar a jikinsa, hanyar watan a karkace take da kusan digiri 5, zaka ga inuwar ta wuce ta saman ƙwallon duniya ko ta ƙasanta ba tare da ta taɓa ta ba, sai lokacin da ukun suka yi layi ɗaya sannan ta faɗa kai. Irin wannan ƙaramin mai rana da duniya da wata kaɗai Turawa suna ce masa tellurion, ni sai in ce mu kira shi "keken rana da wata" mu bar shi ƙarƙashin keken falaki. Masu sayowa makarantu su duba wannan karkatar kafin su biya kuɗi, da yawa daga na roba masu arha basu da ita, kuma irinsu suna koya wa yara cewa duk wata akwai husufi.

Wani abu da dole mu raba tun yanzu kada a cakuɗa, kalmar planetarium tana kuma nufin ginin nan mai rufi kamar ƙwarya a kife da ake shiga a zauna a haska taurari a sama. Kamfanin Zeiss ne ya fara haɗa na'urar haskawar a Jena ta Jamus a 1923, aka buɗe wa jama'a a gidan tarihin Munich a 1925. Wancan kana ciki ne kana kallon sama kamar yadda take daga ƙasa, keken falaki kuwa kana waje ne kana leƙen tsarin gaba ɗaya. Don haka ginin mu ce masa "ɗakin taurari", na'urar da ke haskawa kuma "majigin taurari", tunda majigi tamu ce kowa ya san ta.

Saura guda da ban gama da ita ba kuma ina son jin malaman falaki a kai. Zara dai tauraruwa muke ce mata tun kaka da kakanni, Zara matar wata, amma a kan keken ga ta nan ƙwallo ce irin tamu bata da hasken kanta, fitilar tsakiya ce ke haska ta. In yaro ya nuna ta ya ce malam wannan tauraruwa ce ko duniya, wace kalma za mu ba shi, "duniya" ga dukkansu takwas ɗin, ko "tauraro mai tafiya" kamar yadda wasu littattafai ke yi? Ni na fi karkata ga duniya, jam'i duniyoyi, mu bar tauraro ga mai hasken kansa, amma ku kawo naku da hujja, kuma wanda ya taɓa koyarwa da keken a aji ya faɗa mana me yaran da kansu suke kiransa.