Bashi na cinye mini jari, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Ɗorayi, cikin Kano, a kasuwar Singa nake saro kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ciniki ya ja baya. Wanda ke sayen kwanon shinkafa yanzu gwangwani yake aunawa, mai ma sai dai na ƙulli.

Babbar damuwata bashi ce. Maƙwabta ne, muna sahu ɗaya a masallaci. Mutum zai aiko yaro da safe, "in ji Baba a ba shi sukari da taliya, a rubuta." Na san gidan ba a ɗora tukunya ba, ta yaya zan ce a'a? Amma kafin ya biya, katan ya ƙara kuɗi a Singa, ga kuɗin A Daidaita Sahu. Kuɗina su dawo cif, kayan da za su saya kuma sun ragu. Yanzu kantar sama babu komai sai kwalayen da na jera don rufin asiri.

Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar, yaya kuke rage bayar da bashi ba tare da zumunci ya ɓaci ba? Kuna yanka wa kowa iyaka ne, ko ranar biya kuke sawa? Sannan ba na son rance mai ruwa. Akwai wanda ya taɓa samun jari a bankin Musulunci na Jaiz ko ta hanyar SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i? Sai da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, suke saurarar mutum?

Allah ya saka da alheri.