Kano zuwa Guangzhou: Baba zai iya wannan zaman jirgi kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mahaifina yana da shago a Kantin Kwari, shekara da shekaru aike yake yi, amma bana ya kafe sai ya je Guangzhou ta ƙasar Sin ya ga atamfa da shadda da idonsa. Ya haura saba'in, kuma ko Kaduna muka je a mota sai ƙafarsa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na duba tikiti na ga tashi ƙarfe 1 na rana, sauka ƙarfe 4 na yamma washegari. Awa 27 ke nan fa! Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Nisan ya kai haka?

Wani ɗan kasuwar waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, agogo ne ya ruɗe ka. Sin tana gaban mu da awa 7, kuma lokacin saukar da ka gani na can ne. Cire 7, saura awa 20. A cikinsu ma ba duka ne a sama ba. Babu jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ya dire can kai tsaye, yawancinmu ta Addis Ababa muke bi. Kano zuwa Addis kilomita 3,300 da ɗoriya ne, wajen awa 5. Addis zuwa Guangzhou kusan kilomita 8,000, awa 10 ko fiye. Sauran kuma zaman jira ne a filin jirgin Bole na Addis.

Mai tambaya:
To, zango na biyun nan shi ne abin tsorona. Awa 10 a kujera ɗaya.

Wata ma'aikaciyar jinya, Gwammaja:
Tsoronka yana kan hanya, ƙanena. Dogon zama ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga dattijo mai kumburi. Kafin ka biya kuɗi ka kai Baba wajen likita, ka gaya masa awa nawa za a yi, ka tambaye shi batun safa mai matse ƙafa. Ku nemi kujerar bakin hanya, kar ku ɗauki ta taga, don ya riƙa miƙewa yana ɗan zagawa. Na san dattawanmu, ƙin shan ruwa suke yi don kar su riƙa zuwa bayi suna damun na kusa da su. Kar ka bari. Magungunansa kuma su zauna a jakar hannu.

Wani Alhaji, Kwari:
Yaro, ka nema masa keken guragu tun wajen yankan tikiti, ko da ya ce ba ya so. Tafiyar ƙafa da layin Addis sun fi zaman jirgin gajiyar da ni. Sallah kuma akwai sauƙin matafiyi, ya haɗa Magariba da Isha a Addis. Kar ku manta katin rigakafin shawara. Sannan ku kauce wa Afrilu da Oktoba, lokacin babban baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ne, masauki tsada yake yi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Alhaji, ko za ka yi wa Baba maganar keken da kanka? Ni idan na faɗa ba zai ji ba. Gobe bayan La'asar zan leƙo shagonka.