Waɗanda suka yi zaman rukuni kan ciwon damuwa a jami'a, ya kuka gan shi?

Ɗalibar aji biyu:
Assalamu alaikum. Mai ba da shawara a makarantarmu ta ce in shiga zaman rukuni na mako takwas. Na cike takardar nan mai tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da ita, PHQ-9, na tashi da maki 14 cikin 27. Tsorona shi ne in amayar da cikina gaban wanda zan gani a lacca gobe. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Da wannan tsoron na shiga ni ma. Mu bakwai ne, muna haɗuwa sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. Ranar farko aka yi alƙawarin duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ya mutu a ɗakin. Sai da aka yi zama biyu ban ce uffan ba, kuma ba wanda ya matsa mini. A na uku wani yaro ya ce yakan shirya tsaf, ya sa takalmi, sai ya koma ya kwanta har laccar ta wuce. Wallahi jikina ya yi sanyi. Wata huɗu ina yin haka, ina kiran kaina malalaci, ashe ciwo ne. Ranar na fara magana.

Wata 'yar'uwa:
Namu tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 2016, mai zama takwas. Ana duba inda damuwar ta samo tushe: rashin wani naka, rigima da na kusa, sauyin rayuwa, ko kaɗaici. Nawa sauyi ne, barin gida da faɗuwa jarrabawar farko. Amma ki shirya wa zama na takwas. Kin saba da mutane ke nan sai a ce an gama. Na yi kuka sosai.

Ɗalibin kimiyya:
Ni kam bai wadatar da ni ba. Har mako na huɗu ba na barci, na fara tunanin mutuwa ta fi mini. Na faɗa wa mai jagorantarmu bayan an tashi, a ranar ta haɗa ni da likita, aka ɗora ni kan magani, na kuma ci gaba da zuwa. In irin wannan tunanin ya zo miki, kada ki jira zaman mako mai zuwa.

Ɗalibar aji biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ba da sunana ɗazu. In na tarar da wanda na sani a ciki, za a iya sauya mini rukuni?