Taƙaitawa: motsa jiki bayan shekara 40

Ga abin da aka tattauna:

1. An yarda a fara da ɗumama jiki na minti 10. Tsoka mai sanyi ita ke yagewa, musamman ta bayan ƙafa.
2. Minti 150 na tafiya da sauri a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, da atisayen ƙarfi kwana 2.
3. Ma'auni: cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kusan iyakar bugun zuciyarka a minti ɗaya. Mai shekara 50, da iyakarsa 170 ce, ya tsaya wajen bugun zuciya 110 zuwa 130. In ba agogon auna bugun zuciya, ka tabbata kana iya magana kana tafiya.
4. Zafin Maradi a watan Afrilu ba wasa ba ne: bayan Asuba, da gorar ruwa.

An rabu kan gudu a yashin gulbi. Wasu sun ce yana sauƙaƙa wa gwiwa, wasu sun ce idon sawu ke wahala. Mai hawan jini dai ya ga likita tukuna.